Alƙalami mai zuƙo tawada da iska: kurakuran da na gaji da gani

Na gaji da jin an ce "an sayar mini da jabu". Mutum zai ga hoton alƙalamin tawada mai jiki garai-garai, tawada na yawo a cikinsa, ya yi oda daga Chaina, kafin mako ya zagayo ya kawo mini shi yana huci wai ba ya rubutu. In na karɓa na duba, mafi yawan lokuta lafiyar alƙalamin ƙalau, mai shi ne bai san abin da ya saya ba. Wannan rubutu na masu son irin wanda ake kira bakiyum ne, wato mai zuƙo tawada da iska, kuma aljihunsu bai kai na Pilot Custom 823 ba, wanda kuɗinsa ke kai dala ɗaruruwa.

Sai ka fahimci yadda yake aiki kafin sauran bayanin ya shiga. A cikinsa akwai siririyar sandar ƙarfe, a bakinta an ɗaura 'yar roba mai toshe cikin kamar ta famfon keke. Za ka kwance kan da ke gindin alƙalamin, ka jawo sandar har ƙarshe, ka tsoma baki a tawada, ka danna. Yayin da robar ke gangarawa tana barin fili marar iska a bayanta. Can ƙasa cikin alƙalamin ya ɗan buɗe, da robar ta iso wurin sai toshiyar ta saki, tawada ta ruga ciki a tashi ɗaya. Wato a dannawa yake sha, ba a jawowa ba. Dabarar tsohuwa ce: kamfanin De La Rue na Ingila ya fito da ita a alƙalamin Onoto a 1905, Sheaffer na Amurka ya yi nasa a shekarun 1930. Abin da ya canza shi ne yanzu TWSBI na Taiwan da kamfanonin Chaina irin su Asvine, PenBBS da Wing Sung sun sauko da farashin.

Kuskuren farko tun wurin oda ake yin sa. Ba duk mai kai a gindi ne bakiyum ba. Opus 88 yana da sanda da kai, amma da ɗigau ake zuba masa tawada. TWSBI Eco fistin ne mai murɗawa. Wing Sung 699 kuwa iri biyu ake yin sa, bakiyum da fistin, suna ɗaya kamanni ɗaya, don haka karanta bayanin mai sayarwa kafin ka biya.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya cika alƙalami, ya murɗe kan gindin tam, ya fara rubutu. Shafi ɗaya ko biyu komai lafiya, sai tawada ta fara dusashewa, sai ta ɗauke gaba ɗaya, alhali ga ta nan fal yana kallonta. Daga nan sai a shiga yarfa alƙalami, a danna baki a kan takarda da ƙarfi, wani ma ya ɗauko reza ya zura a tsagar bakin wai zai buɗe hanya. Malam, hanyar a buɗe take, kai ka rufe ƙofa! Idan ka murɗe kan gindin har ƙarshe, bakin sandar yana zuwa ya toshe mashigar da tawada ke bi ta sauko wa baki. Da gangan aka ƙera shi haka. Abin da ka rubuta shafi biyu da shi ragowar da ke maƙale a ƙarƙashin baki ne. Maganin kawai ka sassauta kan gindin kamar milimita 2, ka bar shi a haka muddin kana rubutu. In an jima ba ta sauko ba, ka ɗan ja sandar baya kaɗan don robar ta saki. Shi ke nan, ko sisi ba ka kashe ba.

Na ga baƙuna masu kyau da aka wage da reza saboda wannan, kuma bakin da aka wage da wuya ya koma yadda yake. Ka sayi siriri, ka mayar da shi mai zubar da tawada kamar an ɓare kwalba. Wasu kuma da suka gano sirrin sai su ji haushin murɗe-murɗen, su cire 'yar robar da ke toshe mashigar don tawada ta riƙa gudana kullum. A ƙasashen sanyi wataƙila su ci riba. Mu da muke shan zafin Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, wannan toshiyar ita ce babban dalilin sayen alƙalamin. Cikinsa yana ɗaukar wajen mililita 2 ko fiye, yayin da yawancin 'yan kwanbata, wato ƙananan bututun tawada masu cirewa da ake sa wa wasu alƙaluma, ba sa kai 1. Idan tawada ta yi rabi, sauran rabin iska ce, iska kuwa in ta ji zafi kumbura take, ta turo tawada waje ta baki. Alƙalami a aljihun gaba na farar shadda, cikin motar da ta sha rana, mashiga a buɗe: kai ma ka san ƙarshen zancen. Ni ɗabi'ata ita ce da na ajiye rubutu sai in ɗaga baki sama, in murɗe gindi, sannan in rufe marfi. In zan buɗe ma baki na kallon sama nake sassautawa, don iskar da ta taru ta fita ita kaɗai. Haka za ka yi a jirgin sama, ko na aikin Hajji ne, domin a can ma matsin iska raguwa yake.

Kuskure na gaba shi ne wanda ya taɓa cinye mini alƙalami sukutum, shi ya sa ba na iya maganarsa cikin sanyin rai. Sandar wani da nake ji da shi ta fara tauri wajen ja. Na kwance shi, na laƙaba wa robar basilin, na mayar na ɗaure da iya ƙarfina don kada ya yi yoyo. Da farko sumul. Bayan wani lokaci robar ta kumbura ta yi laushi, ta daina riƙe iska, sannan wata 'yar tsaga ta fito daidai inda zaren gindin yake. Tsaga a wannan wurin ita ce ajalin bakiyum, domin duk aikinsa ya dogara ne a kan kada iska ta samu kafar shiga. Za ka danna, ka ji shiru, ko ɗigo bai shiga ba. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Saboda haka ku saurara da kyau, musamman ku masu ƙaiƙayin hannu da ba ku iya ganin abu mai zare ba ku kwance shi ba. Basilin daga man fetur ake samo shi, kuma yana lalata robobi da yawa. Man keken ɗinki ma haka, man gyaɗa kuwa kada in ma ji an ambata. Giris ɗin silikon zalla ake sawa, shi ma ɗan mitsitsi a kan tsinken sakace, a shafa a jikin bangon ciki. TWSBI yana sako shi a kwalin alƙalaminsa Vac700R tare da 'yar sifana, amma ba a ba ka sifanar don ka riƙa kwancewa duk Juma'a ba. Sai sandar ta yi tauri sosai, abin da kan ɗauki watanni masu yawa. In ka zo ɗaurewa, da ka ji ya tsaya ka tsaya. Zoben roba ne ke hana yoyo, ƙarfin damtsenka ba ya ƙara komai sai tsaga. Kuma kada sifirit ko ruwan goge hannu mai barasa ya taɓa jikin, yana sa irin wannan roba mai garai-garai ta tsattsage. Ruwan zafi ma a'a. Ruwan sanyi, in ta kama da ɗigon sabulun wanke-wanke, ya wadatar.

Sai tawada. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini nasa ya daskare, na tambaye shi me ya zuba, ya ce tawadar allo ce mai kyau, shi da kansa ya tace ta. Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, ƙaro kuwa danƙo ne, in ya bushe a 'yan siraran hanyoyin da ke ƙarƙashin baki sai ya liƙe su. Wurinta alƙalamin kara, a can ba ta da na biyu. Tawadar hatimi da ta firinta da ta masu zane duk ka nisanta su. Nemi wadda aka rubuta ta alƙalamin tawada ce: Parker Quink, Pelikan 4001, Waterman ko ta Pilot. Masu ƙyalƙyali da ake yayi yanzu ba na zuba su a bakiyum, don wanke shi aiki ne.

Wannan ma ya kawo ni kan abin da ya kamata ka tambayi kanka tun kafin saye. In kai mai son canza launi ne, yau shuɗi gobe kore, ka bar bakiyum, ka sayi mai kwanbata. Wanke bakiyum sai ka yi ta zuƙa kana fesarwa har hannunka ya gaji, kuma duk da haka sai ka ga ɗan launi ya maƙale a bayan robar. An yi shi ne don mai rubutu da yawa da tawada ɗaya: malamin da ke duba takardun jarrabawa, ɗalibin da ke kwafar darasi, magatakarda. Ni kowane nawa da tawadarsa, ba na sauya masa.

Wajen cikawa akwai ƙananan kurakurai. Tsoma bakin duka har tawada ta taɓa wuyan da ake riƙewa, in ba haka ba iska zai sha. Kada bakin ya dafa gindin kwalba lokacin da kake dannawa, zai lanƙwashe. Danna a tafi ɗaya, ba da tsaitsayawa ba, sannan ka jira 'yan daƙiƙoƙi kafin ka ɗago. Kada ka yi wasa da sandar alhali akwai tawada a ciki kana fuskantar mutane ko littafi, feshi yake yi. Dannawa ɗaya ba ta cika shi fal, kuma wannan ba aibi ba ne. In kana so ya cika, juya baki sama ka naɗe shi da tsumma, ja sandar, tura ta a hankali har iskar ta fita tawada ta kusa leƙowa, sannan ka juya cikin kwalba ka ƙarasa dannawa. Ni ban cika damuwa da wannan ba, abin da ya sha a karo ɗaya yana kai ni nesa.

Kaurin baki: takardun littattafan makaranta da muke samu a kasuwa suna shan tawada, rubutu ya baje har ya fito ta baya. Ɗauki baki mai alamar F (siriri) ko EF (wanda ya fi shi siranta). Ka kuma sani F na Japan ya fi F na Jamus siranta, kuma Vac700R bakin Jamus ne da shi.

Batun kuɗi, araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce hujja ba. Akwai na ƙasa da dala 10, irin su Wing Sung 3013, sun isa mutum ya koyi yadda abin ke aiki ba tare da fargaba ba. In kana son na riƙewa, ni ina tura mutane ga tsakiyar kasuwa: Asvine V126, PenBBS 456 ko Wing Sung 699. Vac700R ya ɗara su kuɗi, amma ana samun bakinsa da kayan gyaransa daban, abin da ke da amfani ga wanda yake nesa da shagon alƙaluma. Ka lura yana da girma da nauyi, kuma in ka sa marfinsa a gindi ya yi tsawo. Mai ƙaramin hannu ya duba ƙaninsa, Vac Mini.

Ranar da saƙonka ya iso, kada ka fara da tawada. Cika shi da ruwa sau biyu ko uku, ka ga ko yana zuƙa da ƙarfi, ka ɗaga shi a haske ka duba wajen zare ko akwai tsaga, ka kwantar da shi a kan farar takarda ya kwana. In da safe ka ga danshi a gindi ko a wuya, ɗauki hoto ka nemi canji tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba.