Yadda Za Ka Daidaita Sautin Iyafis Ɗinka

Da farko, ka zaɓi robar da ta toshe kunnenka sosai, domin idan iska tana shiga, kaurin sauti zai ragu. Sannan ka nemi wuri shiru, nesa da hayaniyar kasuwar Nima da ke Accra, ka kunna karatu ko waƙar da kunnenka ya saba da ita.

Ka buɗe ikwalaiza, wato saitin da ke raba sauti layi-layi daga kauri zuwa tsini domin a ƙara ko a rage kowanne, ka mayar da kowane layi kan sifili. Idan dukan ganga ya yi yawa, ka rage abin da ke ƙasa da 250 Hz (Hz ma'aunin kauri ko tsinin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce kauri), idan kuma murya ta dusashe, ka ƙara desibel 2 (ma'aunin ƙarfin sauti) wajen 3,000 Hz. Tsinin harafin "s" mai sukar kunne yana tsakanin 5,000 da 8,000 Hz, sai ka rage nan idan ya dame ka. A ganina ragewa ta fi ƙarawa, domin ƙari mai yawa kan fasa sauti.

Ka adana saitin, ka sake saurare washegari.