Darasi na 9: Gasa fai ɗin fich

Fich ɗan itace ne mai girman ƙaramin mangwaro, fatarsa da gashi-gashi mai laushi, da ƙwallo ɗaya a ciki. Asalinsa ƙasar Sin ce, amma Amurkawa sun shahara da gasa shi cikin ɓawon fulawa, musamman a jihar Jojiya, inda yake cika kasuwa a watannin Yuni da Yuli. Wadda ta taɓa cin mit-fai ta san irin ɓawon. Wannan dai na zaƙi ne.

Auno fulawa kofi 2 da rabi. Kofin shayi nake nufi, kuma wanda kika fara awo da shi, da shi za ki gama. Sai bota giram 225, gishiri ƙaramin cokali 1, da ruwan ƙanƙara babban cokali 6 zuwa 8.

To, 'yar'uwa, natsu a nan. Botar ta fito daga firij da taurinta. Yayyanka ta ƙanana, ki zuba cikin fulawa da gishiri, ki marmasa da kan yatsu har gutsattsarinta su koma girman wake. Tsaya haka. Waɗannan gutsattsarin su ne ke narkewa a wuta su sa ɓawo ya yi garas-garas. In ta fara narkewa a hannunki, mayar da kwanon firij minti 15. Ba laifi ba ne, kowa da haka ya koya.

Zuba ruwan cokali-cokali. Ruwan sanyi, ba na randa ba. Tattara kwaɓin kawai ya haɗe, kada ki murza shi kamar na burodi. Na faɗa a aji har muryata ta dushe, amma duk mako sai na ga wata ta duƙufa tana kirɓa shi, bota ta zama mai, sannan ta zo tana cewa ɓawo ya yi tauri. Yaya ba zai yi ba? Bota da sanyi, ruwa da sanyi, hannu da sauƙi. Sake karanta layin nan da ƙarfi. Raba kwaɓin biyu, ya huta awa 1 a firij. A firij na ce, ba kan tebur ba.

Fich 6 ko 7, tsoma su a tafasasshen ruwa rabin minti, sannan a na sanyi, fatar za ta saɓule. Yanka, cire ƙwallo. In na gwangwani kika samu, tsane ruwansa sosai. Gauraya da sukari rabin kofi, kwanfulawa babban cokali 3, kirfa kaɗan da ruwan lemon tsami.

Murza rabin kwaɓin da kwalba mai tsabta, shimfiɗa a farantin gashi, zuba fich, rufe da ɗaya rabin. Manne bakin, tsaga saman sau 4 don tururi ya fita.

Obin a lamba 220 minti 20, rage zuwa 190 minti 35. Bar shi ya huce awa 3 kafin ki yanka.