Matakan tsara zaren labari kafin ka fara rubutu

Da farko, zaɓi mutum ɗaya da ke son wani abu ƙwarai. Misali, matashi ɗan kasuwar Mile 12 ta Legas da motar tumatirinsa ta taso daga Kano.

Sannan ka sa masa cikas. Motar ta lalace a hanya, tumatir na ruɓewa, ga masu bashi na jira a Agege. A nan labari yake, don haka kada ka yi gaggawa. Kowace fitowa ta ƙara matsa masa lamba.

Na uku, kai shi inda dole ya zaɓa: ya faɗi gaskiya ko ya gudu.

Daga nan ka warware a taƙaice, amma warwarar ta fito daga zaɓinsa, kada wani attajiri ya faɗo daga sama ya biya bashin.