Yadda ake fassara kalmomin ɗaukar hoto da kyamarar fim daga Japananci zuwa Turanci

Ba zan tsaya kan karatun haruffan Japananci, wato "kana" da "kanji", ba, na ɗauka ka wuce nan.

Da farko ajiye ƙamus na yau da kullum. Nemo littafin bayanin tsohuwar kyamara ɗaya, ta Nikon ko Pentax, bugun Japananci da na Turanci, ka bi su shafi da shafi. Ana samunsu kyauta a intanet, kada ka kashe ko sisi. A nan za ka ga shibori shi ne "aperture", wato ƙofar da haske ke shiga kyamara, kaihō kuwa "wide open". Genzō "developing" ne, abin da muke ce wa wankin fim.

Inda sababbin shiga ke zamewa shi ne katakana, rubutun da Japanawa ke rubuta kalmomin aro da shi. Da sun ga kalma da wannan rubutu sai su saki jiki, a zatonsu aron Turanci ce. Ni ma ta taɓa kama ni. Na ga burōnī na rubuta "Brownie", mai karatu ya ɗauka tsohuwar kyamarar Kodak ake nufi, alhali a Japan sunan fim ne mai lamba 120. Rubuta "120 film". Pinto ma ba Turanci ba ce, daga yaren Holan ta fito, ma'anarta "focus". DPE da ke jikin shagunan hoto, wato wanki da bugawa da faɗaɗa hoto, haruffan Turanci ne, amma mai karatu a Ingila ba zai gane ba. Ni "photo lab" nake sa wa. Janku kuma, wato "junk", a tallar kyamarar hannu, ba dole ne a ce ta mutu ba. Sau da yawa ba a gwada ta ba ne, kuma ba a karɓar ta in an mayar. Sa "sold as is".

Boke, wato dishi-dishin da ake bari da gangan a bayan abin da aka ɗauka, ka rubuta shi "bokeh". Wata mujallar hoto a Amurka ce ta ƙara masa h a 1997 don a furta shi daidai. Amma pinboke aibi ne, hoton ya fito dishi-dishi, "out of focus". Kada ka haɗa su.

Girman takarda, ba da lamba kawai: mutsugiri inci 8 da 10, L-ban milimita 89 da 127. A wankin fim, zōkan "push" ne, wato ƙara lokacin wanki, genkan kuwa "pull", rage shi. A gilashin kyamara, kabi "fungus", kumori "haze". In ka gama, miƙa wa wanda ya taɓa wanke fim da hannunsa ya karanta.