Ga masu shirin buɗe shago idan sun koma waje

Salam 'yan uwa. Duk mai shirin komawa Ingila ko Amurka da niyyar sayar da kayanmu na gida, ya cire kilishi daga lissafi tun yanzu. Dokar shigar da nama can tana da tsauri, a filin jirgi ma za a ƙwace shi. Da ni ne, da turaren wuta da hulunan Kurmi da atamfar Kantin Kwari zan fara, don ko sun yi wata shida a ajiye ba abin da zai same su.

Kar a yi gaggawar kama shago, haya can cinye riba take yi. A gwada ta WhatsApp lokacin Sallah, a ga abin da ke tafiya. Amma fa a duba biza tukuna, ta ɗalibi a Ingila ta hana mutum kasuwancin kansa.