Tafiya gida da yara alhali kina tsoron jirgi

Da yawa daga cikin matanmu da suka zo Ingila a 'yan shekarun nan, zuwan nasu shi ne karon farko da suka taka matakalar jirgin sama. Wata ta biyo miji mai karatu, wata ta samu aikin jinya ko na kula da tsofaffi. A wancan zuwan, ɗoki da kukan rabuwa da gida sun danne komai. Matsalar takan fito ne daga baya, ran da aka ce za a je ganin su Hajiya, ga goyo, ga ɗan shekara huɗu a hannu, maigida kuma bai samu hutu a wurin aiki ba. Sai ki ji mace tana ta ɗage tafiya: tikiti ya yi tsada, bari yaron ya ƙara wayo, sai baɗi in Allah ya kai mu. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa tsoron jirgi ne, tana jin nauyin faɗa kada a ce mata baƙauyiya ko mai raunin imani.

'Yar'uwa, tsoron nan ba daga sama ya faɗo mana ba. Wanda ya tashi a Kano ya san labarin jirgin da ya faɗa kan gidaje a Gwammaja a watan Mayun 2002. Sakkwatawa ba su manta da Oktoban 2006 ba, lokacin da jirgi ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo yana ciki. Iyayenmu kuma har yau suna tuna alhazan da suka rasu a Jidda a 1991, mutum 261 a jirgi guda. Allah ya jiƙansu. Da irin waɗannan labarai aka raine mu. Amma a ajiye wani lissafi kusa da su: ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 jiragen kasuwanci sun yi tashi kusan miliyan 37, kuma hatsari ɗaya ne tak ya ci rayuka, wani jirgi mai farfela a ƙasar Nepal. A gida kuwa, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra suna nuna sama da mutum 5,000 ne ke rasuwa a kan tituna duk shekara. Wato motar da za ta ɗauke ki daga filin jirgi zuwa Zariya ko Gusau ta fi cancantar ki damu da ita.

Na san lissafi ba ya kwantar da bugun zuciya. In da yana yi, da an gama magana a nan. Abin da na ga yana aiki shi ne sanin ma'anar abin da kike ji da kunnenki da jikinki, domin rabin tsoron jirgi fassara ce: an ji ƙara, zuciya ta ce shi ke nan.

To ga abin da zai faru. Jirgi zai tsaya a bakin titinsa, injuna su yi ruri, ki ji an manna bayanki da kujera. Bayan ya ɗaga da 'yan daƙiƙoƙi za ki ji "gum" a ƙarƙashin ƙafarki. Tayoyi ne suka shige ma'ajiyarsu aka rufe ƙofa. Can kuma sai ƙarar injin ta ragu, ki ji kamar jirgin ya tsaya cak ko yana zamewa ƙasa. Nan ne mata da yawa suke fara salati da ƙarfi. Ba abin da ya lalace. Matuƙi ne ya rage wuta, saboda ƙarfin da ake buƙata wajen tashi ya fi wanda ake buƙata wajen ci gaba da hawa, kuma jirgin yana nan yana hawa, jikinki ne ya ruɗe. Kukan da kike ji daga wajen fuka-fukai na wasu faifai ne da ake zarowa lokacin tashi da sauka, a mayar da su in an daidaita. In kin ga fiffike yana lanƙwasa kamar zai karye, haka aka ƙera shi, kuma kafin a amince da samfurin jirgi sai an gwada shi da nauyin da ya zarce mafi tsananin abin da ake tsammanin zai gamu da shi a sama da rabi. Jirgi mai inji biyu yana iya tafiya ya sauka da guda ɗaya. Wani lokaci ma za a zo dab da sauka sai matuƙi ya sake tashi ya zagayo. Ba tashin hankali ba ne, abin da aka horar da shi ya yi ke nan in wani abu bai kwanta masa ba.

Sai gargada, wato jijjigar da iska ke sa jirgi ya yi a sama, wadda ita ce babbar abokiyar gabar mai tsoro. Kuma mu masu yara a makaranta, lokacin tafiyarmu bai taimaka ba. A Ingila ana cin tarar iyayen da suka cire yaro daga makaranta don tafiya ana tsakiyar zango, fam 80 kan kowane yaro a kan kowane mahaifi, don haka yawancinmu sai dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Wannan kuwa tsakiyar damina ce a gida, lokacin da hadari ke haɗuwa ya yi tsiri sama. Matuƙa suna da na'urar hangen hadari kuma suna kauce masa, amma gefensa ma yana girgiza jirgi, musamman an kusa Abuja ko Kano. Mai tafiya a hutun Disamba ita kuma hazo za ta tarar, wanda ba ya girgiza jirgi sosai sai dai ya jawo jinkiri ko a karkata zuwa wani filin. Ki san da wannan tun kafin ki fito, kada ya zo miki a ba-zata.

Gargada kamar kwale-kwale ne a kan ruwa mai motsi: ana jijjiga, amma ruwan yana riƙe da shi. Haɗarinta na gaskiya a cikin jirgi yake, ga wanda bai ɗaura bel ba. A Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya tashi daga London ya shiga mummunar gargada, mutane da dama suka ji rauni, fasinja ɗaya ya rasu, amma jirgin ya sauka lafiya a Bangkok. Darasin uwa a nan ɗaya ne: bel ɗinki da na yara a ɗaure muddin kuna zaune, ko da fitilar gargaɗi a kashe take, ko da yaro yana barci. Ki ɗaura masa a saman bargo don ma'aikata su gani ba sai sun tashe shi ba. In kina neman inda girgiza ta fi sauƙi, kujerun da ke daidai fuka-fukai ne. Can ƙurya ta baya ta fi ko'ina jijjiga.

Yanzu ga inda yara suka shigo. Ɗan shekara uku bai san jirgi yana faɗuwa ba. Fuskarki yake karantawa. In jirgi ya girgiza, kafin ya kalli taga ke zai kalla, abin da ya gani a idonki shi zai ɗauka. Ba ina nufin ki yi ta murmushin dole na awa shida ba, yara suna gane wannan. Ki ba bakinki aiki kawai. Ki riƙa faɗa masa abin da ke faruwa da muryar da kike ba shi tatsuniya: "Ka ji? Jirgi ya naɗe ƙafafunsa." "Yanzu za mu shiga gajimare, zai ɗan yi rawa." Kina yi masa bayani, kina yi wa kanki. In babba ne har ya tambaye ki ko tsoro kike ji, kada ki yi masa ƙarya. Ki ce e, Umma ba ta son girgiza, amma direban ya san aikinsa, zo mu yi addu'a. Ku karanta addu'ar hawa abin hawa tare tun kuna gida har ya haddace, wadda ke cikin suratu Zukhruf, ya zama shi ne mai ja muku in an zauna. Abin da ban so shi ne salati da kururuwa da riƙe hannun yaro kamar za a karya; wannan shi ke dasa masa tsoron da zai girma da shi.

In kin ji abin yana taso miki, ƙirji ya matse, tafin hannu ya jiƙe, ki dasa ƙafafunki a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida ko fiye. Fitar da numfashi a tsawaice shi ke rage gudun zuciya. Carbi yana taimakawa a nan ƙwarai, tasbihi ɗaya numfashi ɗaya. Ki bar kofi da goro da shayi mai kauri a ranar, suna ƙara bugun zuciya. Kuma tun wajen shiga ki gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin cewa ke kaɗai ce da yara kuma kina jin tsoro. Sun saba jin haka kullum, za su riƙa leƙo ki, su riƙe miki jariri in za ki kewaya.

Maganar magani kuwa, a yi hattara. Likitoci da yawa a nan sun daina rubuta diazepam, ƙwayar kwantar da hankali, don tsoron jirgi, kuma ko da an ba ki, uwa mai kula da yara ita kaɗai ba ta da damar yin mankas. Wasu ƙasashen da ake yada zango ma suna da dokoki masu tsauri a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Haka nan al'adar nan ta ɗura wa yaro Piriton ko Phenergan don ya yi barci: wasu yaran maimakon barci sai su birkice su hana kowa sakat, Phenergan kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu sam. In tsoron ya kai ga hana ki barci makonni kafin tafiya, a Ingila kina iya kai kanki NHS Talking Therapies, sashen hukumar lafiya da ke magance damuwa ta hanyar tattaunawa, kyauta ba sai likita ya tura ki ba. British Airways suna da kwas na yini guda mai suna Flying with Confidence, easyJet kuma suna da Fearless Flyer, inda matuƙa ke bayani sannan a ɗan zaga da ku a jirgi. Waɗannan biyun na kuɗi ne.

Sauran aikin na rage wa kanki kaya ne, don mai tsoro da ta gaji ta ruɗe ta fi saurin karyewa. Jirgin da ke tafiya kai tsaye daga London zuwa Abuja awa shida da ɗoriya ne, tashi ɗaya sauka ɗaya. Masu bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha suna kai ki har Kano, wani lokaci da rahusa, amma aƙalla tashi biyu ne sauka biyu, ga jan yara a filin da ba ki sani ba. A ganina, mai tsoro da ke da hali ta ɗauki na kai tsaye ko da za a zo tarbarta da mota, sai dai in hanyar garinku daga Abuja ta fi zama abin fargaba. Tafiyar dare ta fi, yara suna barci.

Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, kuma kamfanonin Birtaniya da Turai suna ba da ƙaramin bel da ake saƙalawa a jikin naki. Babba ɗaya jariri ɗaya ne a cinya. Mai tagwaye sai ta saya wa ɗaya kujera ko ta samu abokin tafiya. Ki nemi gadon jariri da ake maƙalawa a bango tun ranar da kika sayi tikiti, don ba su da yawa kuma akwai iyakar nauyi, ki kuma sani in an kunna fitilar bel za a iya cewa ki ɗauke shi ko yana barci. Keken jariri ana barin ki da shi har ƙofar jirgi. Madara da abincin jariri ba sa cikin dokar taƙaita ruwa a wurin bincike, sai dai a duba su. Zani ko majanyi ya fi komai amfani a layin shige da fice: ki goya abinki, hannuwanki su samu 'yanci.

Kukan da jarirai ke yi wajen sauka yawanci kunne ne, saboda matsin iska yana canzawa. Haɗiya ce maganinsa. Ki ɗan ja lokacin shayarwa ya dace da fara gangarowa, kamar rabin awa kafin a taɓa ƙasa, ki ba shi nono ko fida. Babba kuma alawa ko ruwa da tsinken zuƙa. Ba wanda zai hana ki shayarwa a jirgi, mayafinki ya ishe ki. In yaro yana fama da ciwon kunne ko mura mai tsanani, ki kai shi a duba kafin ranar. In kuma ya yi kuka duk da haka, ya yi; ba ki ci bashin kowa ba.

Akwai umarni ɗaya da zuciyar uwa ba ta so: in abin shaƙar iska ya sauko, ki fara sa naki kafin na yaro. A can sama daƙiƙoƙi kaɗan ne mutum ke da su kafin kansa ya juya, uwar da ta suma kuwa ba ta ceci kowa ba.

Takardu su zauna a jaka ɗaya da ke rataye a jikinki: fasfo, katin rigakafin shawara, takardar haihuwar yara, da wasiƙar amincewar mahaifinsu mai ɗauke da sa hannunsa da lambar wayarsa, don ana iya tambaya in uwa ce kaɗai da yara. Tunda Birtaniya ta koma bizar intanet, ki tabbatar kowane yaro yana da nasa asusun bizar a intanet kuma an haɗa shi da fasfon da zai yi tafiya da shi, musamman in an sabunta fasfo. A dawowa kuma, komai roƙon su Hajiya, kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Birtaniya. In an cusa miki, ku cinye kafin a sauka.