Yadda Za Ka Ɗauko Bayanai da Yawa da Umarni Ɗaya a Memcached na MySQL

A ce a MySQL, manhajar rumbun bayanai, kana da teburin InnoDB (injin da MySQL ke ajiye bayanai da shi) mai ɗauke da ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, sunan kowace ƙaramar hukuma shi ne makullinta, wato abin da ake neman bayananta da shi. A MySQL 8.0 ba sai ka riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya ba.

Da farko ka tabbatar an kunna daemon_memcached, wato ƙarin manhajar da ke ba ka damar ɗauko bayanai daga teburin da umarnin Memcached (tsarin ajiye bayanai da ɗauko su ta makulli), kuma an yi wa teburinka rajista a teburin innodb_memcache.containers. Sai ka haɗu da Memcached ta hanyar rubuta umarnin telnet 127.0.0.1 11211.

Ka zaɓi teburin da get @@hukumomi, wato sunan da ka ba shi wajen rajista.

Yanzu ka rubuta get Bodinga Illela Wurno. Duk ukun za su zo maka a tafiya guda, abin da ke rage zirga-zirga tsakanin manhajarka da sabar. Amma dole su kasance a teburi ɗaya. Ka kuma kula da sarari, domin shi ke raba makulli da makulli. Sabon Birni za a ɗauke shi makullai biyu, don haka ka ajiye shi tun farko a matsayin Sabon_Birni.

In kana son komai daga wani harafi zuwa wani, akwai alamomin @> (sama da) da @>= (sama da ko daidai da) da @< (ƙasa da) da @<= (ƙasa da ko daidai da). Rubuta get @>=G@<J, za ka samu Gada, Goronyo, Gudu, Gwadabawa, Illela da Isa.

Shawarata, kada ka gina sabon aiki a kan wannan hanya. An fara janye ta tun 8.0.22, aka cire ta gaba ɗaya a 8.3.